Jirin Mama da kuɗin fisiyo: me inshora za ta biya, me zai fito daga aljihu?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 68. Wata uku ke nan tana fama da jiri, musamman in ta juya a kan gado ko ta ɗaga kai za ta ɗauko abu a sama. Yanzu ko tafiya za ta yi sai tana dafa bango. An yi mata hoton ƙwaƙwalwa an ce ba a ga komai ba, an ba ta ƙwayoyin jiri, su kuma barci kawai suke sa ta. Likita ya ce a kai ta fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki, wurin da na buga wa waya suka ce sai an yi zama goma sha biyu. Muna da inshorar lafiya, amma ban san ko za ta biya ba. Don Allah nawa irin wannan magani ke ci, kuma ya cancanci a kashe kuɗin?

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Abin da ya fara tsaya mini a rai a cikin tambayarki shi ne zama goma sha biyun nan. Ta waya aka yanke miki adadin, alhali babu wanda ya kwantar da Mama ya dubi idanunta. Wannan cinikin biri a sama ne. Na daɗe ina aikin fisiyo da masu jiri, kuma ban taɓa iya faɗin yawan zaman da mutum ke buƙata ba kafin in gwada shi, domin jiri alama ce da cututtuka da dama ke tarayya a kanta. Wani zama ɗaya ko biyu ya ishe shi, wani sai ya yi makonni yana atisaye, wani kuma ba wurinmu ma ya kamata ya zo ba. Sunan ciwon ne ke yanke yawan kuɗin da za a kashe, farashin zama ɗaya yana biyo baya. Shi ya sa zan ɗan daɗe a kan ciwon kafin in shiga maganar inshora, kar ki ga kamar na kauce wa tambayarki.

Yadda kika kwatanta jirin Mama, wato yana tasowa in ta juya a gado ko ta ɗaga kai, ya yi kama ƙwarai da abin da likitoci ke taƙaitawa da BPPV. Ba zan tabbatar miki daga nesa ba, amma shi za a fara nema. A can cikin kunne, gaba da dodon kunne, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ɗauke da ƙananan duwatsu na sinadarin alli, waɗanda ido ba ya gani. Tsufa ko buguwa a kai ko doguwar kwanciya kan sa wasu daga cikinsu su ɓalle su faɗa cikin ɗaya daga bututun, galibi na baya. Da mutum ya motsa kai sai su gangara, su tura ruwan, kunne ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙarya cewa ɗaki na juyawa. Hajijiyar ba ta cika kai minti ɗaya ba, amma wanda ya ɗanɗana ta ba ya mantawa.

Hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna waɗannan duwatsu, don haka “ba a ga komai ba” bai ba ni mamaki ba. Gwajin da ke kama su ba ya buƙatar na'ura. Wasu likitoci biyu, Margaret Dix da Charles Hallpike, su ne suka bayyana shi a Landan a 1952, da sunansu ake kiransa har yau. Mara lafiya zai zauna a kan gadon gwaji, in juya masa kai digiri 45 zuwa ɓangare ɗaya, in kwantar da shi da hanzari ta baya kansa ya ɗan leƙo daga bakin gadon, sannan in zuba wa idanunsa ido. Da farko shiru. Bayan 'yan daƙiƙu sai ƙwayar idon ta fara fizga tana murɗawa, mutumin ya damƙe mini wuyan hannu yana cewa zai faɗi, alhali a kwance yake. Yadda idon ke fizga shi ke gaya mini wane kunne ne, kuma wane bututu. Maganin ma a kan wannan gadon ake yinsa: a bi da kan daki-daki ta wasu juye-juye har duwatsun su gangara su koma jakarsu. Wanda aka fi sani shi ne salon da John Epley, wani likitan kunne a Amurka, ya wallafa a 1992. Akwai kuma na Alain Semont, ɗan fisiyo daga Faransa. Duka aikin bai wuce kwata na awa ba, kuma mafi yawan mutane suna samun sauƙi a zama ɗaya zuwa uku.

Ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a kan wannan ciwo a 2008, ta sabunta ta a 2017. A ciki ta ce in alamomin sun cika kuma babu wani abin shakka, kar a tura mutum hoto, kar kuma a mayar da ƙwayoyin kwantar da jiri su zama maganinsa, a yi masa juyin kan kawai. A nan ne kuɗin jama'a ya fi zurarewa. Sau da yawa kafin mutum ya iso ɗakina an riga an kashe ninkin-ba-ninkin abin da zan caje shi a kan hotuna da ƙwayoyi da zirga-zirga.

Akwai wata dattijuwa da ɗanta ya kawo mini bayan ta shafe kusan wata biyar tana barci a zaune, an jera mata matasai a baya, don tsoron kwanciya. Ya zo da jaka cike da sakamakon gwaje-gwaje. Kunnen dama ne, bututun baya. A zama na biyu na kwantar da ita, muka jira, idon bai motsa ba. Ta ce in sake, na sake. Sai ta juya ta dubi ɗan nata ta ce, “To wata biyar ɗin nan fa?” Bai ce komai ba, ni ma haka.

Idan kuwa gwajin bai nuna duwatsu ba, lissafi ya canza. Wani lokaci jijiyar daidaito ta kunne ɗaya ce ta kumbura ta yi rauni, ko wani magani mai ƙarfi irin su gentamicin ya lalata ɓangarorin biyu. A nan babu abin da za a mayar mazauninsa. Ƙwaƙwalwa za a koya wa aiki da abin da ya rage. Wannan hanya ta samo asali ne daga atisayen da wasu likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey, suka tsara a Ingila a shekarun 1940. Misalin irin atisayen da ake yi a yau: a manna kati mai harafi ɗaya a bango, mutum ya kafe harafin da ido yana girgiza kai dama da hagu, da saurin da harafin ba zai dushe masa ba. Daga nan a tashi tsaye, a haɗe ƙafafu, a hau katifa mai laushi, a yi tafiya ana waiwaye. Ƙa'idar da masana fisiyon jijiyoyi na Amurka suka sabunta a 2022 ta ba da shawarar zuwa asibiti sau ɗaya a mako: kimanin mako 4 zuwa 6 ga wanda raunin kunne ɗaya ya daɗe masa, 5 zuwa 7 ga mai raunin kunne biyu, tare da atisayen gida sau 3 zuwa 5 a rana, jimillar aƙalla minti 20. Kin ga ke nan asalin maganin a gida yake, kuma kyauta ne. Abin da ake biya a asibiti shi ne idon da zai duba ko ana yi daidai, ya kuma ƙara wahalar atisayen a kan kari. Wanda ke zuwa sau uku a mako amma ba ya taɓa katinsa a gida yana biyan kuɗi ne kawai. Ƙwayoyin nan masu sa barci kuma, in aka daɗe a kansu, suna rage wa ƙwaƙwalwa saurin koyon da muke nema, ga haɗarin faɗuwa ga mai shekaru. Kar ki dakatar da su da kanki, amma ki tambayi likitan da ya rubuta ko har yanzu akwai buƙatarsu.

Dafa bangon da Mama ke yi ma abin dubawa ne. Ko da duwatsun ne kuma an mayar da su, wata uku na tsoro da rage motsi kan bar mutum da tangaɗi, don haka tana iya buƙatar 'yan zama kaɗan na ƙarfafa ƙafa da daidaito. A kuma auna hawan jininta a kwance da a tsaye, a duba jerin magungunan da take sha, da ganinta, da jijiyoyin tafin ƙafa in tana da ciwon suga. Jirin da ke zuwa daga faɗuwar jini in an miƙe, fisiyo ba ya maganinsa komai yawan zama. In kuma jiri ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, lauyewar harshe, gani bibbiyu, mutuwar hannu ko ƙafa, matsanancin ciwon kai, ko kunne ya toshe nan take, ba a tsayawa tambayar inshora, sashen gaggawa ake nufa.

To, kuɗi. Zaman farko ya fi sauran tsada kusan ko'ina, saboda ya fi tsawo kuma a cikinsa ake duk gwaje-gwajen. A ganina shi ne zaman da bai kamata a yi masa ƙwauro ba: gara a biya wanda ya ƙware a harkar jiri sau ɗaya da a biya wanda bai ƙware ba sau goma. Ba kowane ɗan fisiyo ne ya yi wannan horo ba; wani gwani ne a ciwon baya da gwiwa, amma rabonsa da gwajin Dix-Hallpike tun yana makaranta. Wurin da aka yi aikin ma yana da tasiri, domin sashen fisiyo na babban asibiti kan fi ƙaramin asibiti mai zaman kansa tsada a tsarin da ake ƙara kuɗin amfani da gini. Gwaje-gwajen na'ura, irin wanda ake sa tabarau mai kyamara ana hura iska ko zuba ruwan ɗumi da na sanyi a kunne, lissafinsu daban ne, kuma ba kowa ke buƙatarsu ba. Sai kuɗin da ba ya fitowa a rasit: mai jiri ba ya tuƙi, ba a barinsa ya tafi shi kaɗai, don haka kowane zama yana cin kuɗin mota da wunin aikin mai rakiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin yarda da zaman da ba a tabbatar da amfaninsa ba.

Game da inshora, kar ki tambaye su ko suna biyan “maganin jiri”, ma'aikacin da ya ɗauki waya zai duba bai ga wannan suna ba ya ce miki a'a. Kusan duk kamfanoni suna sa shi ne a ƙarƙashin fisiyo na masu zuwa su koma gida. Abin da za ki bincika shi ne ko sai da takardar turawa daga likita, ko sai an nemi izininsu kafin zaman farko, da ko asibitin yana cikin jerin waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da su. Ki kuma tambayi nawa ne za ku fara biya daga aljihu a shekara kafin su sa hannu, nawa ne kasonku a kowane zama, kuma zama nawa suka ƙayyade a shekara. Wannan na ƙarshe yana da tarko: adadin na duk fisiyon shekarar ne, har wasu kan haɗa shi da wasu nau'o'in gyaran jiki. In Mama ta cinye goma sha biyu a kan jirin da biyu za su isar masa, ranar da gwiwa ta tashi sai a tarar rumbu ya yi ƙasa. Ki rubuta sunan wanda kika yi magana da shi da ranar da lambar kiran. Na sha ganin wannan 'yar takarda ta raba gardama.

Inda aka fi samun matsala shi ne rubutun da asibiti ke aikawa. Kamfanin inshora bai ga Mama tana dafa bango ba, lambobi kawai yake gani. A kundin cututtuka na ICD-10, R42 na nufin jiri kawai, ba a faɗi dalili ba, H81.1 kuma na nufin BPPV, H81.2 kumburin jijiyar daidaito, H81.0 cutar Meniere, wani ciwon cikin kunne mai kawo jiri. Takardar da ta tafi da “jiri” tsurarsa, babu ma'auni, babu abin da ake son cimmawa, ita aka fi mayarwa. Ni ma an taɓa dawo mini da ta wani bawan Allah, wani kamfani ya ce bai ga larurar ci gaba da zama ba. Da na sake karanta abin da na rubuta sai na ga gaskiyarsu: na ce yana samun sauƙi, ban ce da nawa ba. Na sake aikawa da makinsa na tambayoyi 25 da ake auna yadda jiri ya takura wa rayuwa, wanda ke tashi daga 0 zuwa 100, da daƙiƙun da yake ɗauka ya tashi daga kujera ya yi tafiyar mita uku ya dawo ya zauna, na farko da na yanzu, da bayanin cewa ya faɗi sau biyu kafin mu fara. Suka amince. Saboda haka in aka ƙi biya, kar ki ɗauka magana ta ƙare. Ki nemi dalilin a rubuce, ki kai wa mai fisiyon, ku nemi a sake dubawa kafin wa'adin da suka ba da ya wuce.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, inda lamarin ya fi sarƙaƙiya, sashen B na Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, yana biyan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ya amince da shi, mara lafiya ya biya 20, bayan ya cika kuɗin farko na shekara, wanda ya kasance dala 257 a 2025. Tun 2018 aka soke iyakar da a da ake yanke wa fisiyo; abin da ya rage shi ne in kuɗin ya haura wani mataki, dala 2,410 a 2025, sai mai fisiyon ya sa alamar KX a takardar don tabbatar da cewa har yanzu akwai larura. Juyin kan nan na mayar da duwatsu yana da lambarsa ta kansa, 95992, ana cajinsa sau ɗaya a rana, atisayen daidaito kuma ana lissafa shi ne da gutsuren minti 15-15, shi ya sa zama biyu masu kama da juna kan zo da kuɗi daban. Wata yarjejeniyar kotu ta 2013, wadda aka sani da Jimmo, ta fayyace cewa Medicare ba zai ƙi biya ba don kawai mutum ya daina samun ci gaba, matuƙar ana buƙatar ƙwararre don hana shi komawa baya. Masu tsarin Medicare Advantage, wanda kamfanoni ke gudanarwa, su ne suka fi cin karo da neman izini tukuna. Wanda kuma zai biya da kansa, doka ta ba shi damar neman ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a fara, tun daga 2022.

A Ingila fisiyon NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, kyauta ne a wurin karɓa, abin da ake biya shi ne jira, shi ya sa wasu kan biya zaman gwaji ɗaya a waje su ci gaba da bin layi. A Jamus baligi mai inshorar gwamnati yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin fisiyon da yuro 10 a kan kowace takardar likita. A Ostireliya tsarin masu ciwo mai daɗewa yana tallafa wa zama biyar ne kacal a shekara.

In aljihu ya yi nauyi ko inshorar ta ƙi, akwai dabara. A biya zaman gwaji, a karɓi atisaye a rubuce, a riƙa komawa bayan mako biyu ko uku maimakon kowane mako, wasu zaman ma ta bidiyo. Wannan ba maganin talaka ba ne da ake ba shi don a sallame shi: Lucy Yardley da abokan aikinta a Jami'ar Southampton sun wallafa bincike a mujallar likitoci ta BMJ a 2012 da ya nuna cewa ɗan littafin atisaye da mai daɗaɗɗen jiri zai bi a gida yana taimakawa, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Abin da ba na so shi ne a buɗe YouTube a kama kan tsohuwa ana juyawa ba a san kunnen da ke da matsalar ba. Ana iya yi wa kunnen da lafiyarsa ƙalau, ana iya tura duwatsun cikin wani bututun jirin ya ƙaru, ga masu ciwon wuya da ba kowane juyi ya dace da su ba. Bayan ƙwararre ya gano kunnen ya kuma koya muku, wannan daban. Yana ma da kyau ku koya, domin ciwon kan dawo wa mutane da yawa bayan watanni ko shekaru.

Kin tambaya ko ya cancanci kuɗin. Ga mai shekara 68 da ke dafa bango, e, ba tare da wata-wata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ɗaya, da tiyatarta da watannin jinyarta, ta fi duk fisiyon da Mama za ta taɓa buƙata tsada nesa ba kusa ba.

Gobe ki sake buga wa wurin nan waya. Ki ce zaman gwaji ɗaya kike so, ba za ki biya goma sha biyu a dunƙule ba. Ki tambaye su ko suna da wanda ya yi horo a kan jiri, ko zai yi gwajin Dix-Hallpike a ranar, kuma in ya ga duwatsun ko zai mayar da su nan take. In suka yi ta kame-kame, ki nemi wani wuri. Ranar zuwa ki tafi da takardar likita da katin inshora da duk kwalayen magungunanta, ki tambaya tun da wuri ko za ta sha ƙwayar jirin a ranar, domin tana iya ɓoye fizgar idon da ake nema. Kar ta cika ciki kafin gwajin, kuma ki zauna kusa da gadon inda hannunta zai kai gare ki.